Musayar Waƙa: Damisar Ƙanƙara da Makiyayan Ladak

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau 23 ga Oktoba, ranar da aka ware wa damisar ƙanƙara tun taron Bishkek, babban birnin Kirgistan, na 2013, inda ƙasashe 12 da take zaune a duwatsunsu suka yi alkawarin kare ta. Na ɗora waƙa kan mutanen Ladak a arewacin Indiya, masu saukar baƙin da ke zuwa kallonta. Amsa-amo "ra" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Bismillahi, da Shi nake farawa,
Mai halittar tudu da gangarawa,
Ya ba kowace dabba wurin fakewa,
Ya ajiye wata can cikin ƙanƙara.

Can Ladak inda Himalaya ta miƙe,
Iska kamar aska, hanya a sarƙe,
Ƙauyen Rumbak jikin dutse a liƙe,
Tsayin kusan mita 4,000, babu almara.

Shan suke ce da ita a harshensu,
Launin toka, kalar duwatsunsu,
Takan wuce ta gaban idanunsu,
Ba a gan ta ba, sawu ne kawai saura.

Wutsiyarta kusan mita, ga kauri,
Da ita take rufe hanci in an yi ɗari,
Zaki na da shi, ita ba ta da ruri,
Damisa ƙi sabo, ga kunya ga dabara.

Gandun Hemis, 1981 aka kafa shi,
Murabba'in kilomita 4,400 yau faɗinshi,
Baƙi daga nesa suna zuwa gare shi,
Su kwan gidan makiyayi, su biya kuɗin ziyara.

Indiya ta ƙirga, a 2024 ta bayyana,
Damisa 718 ne a duk ƙasar, ta nuna,
477 a Ladak suke kwana,
Ku amsa mini, 'yan'uwa, ni na ga nasara.

Ɗan Makiyayi:
Wa alaikumus salam, Malama. Waƙa ta yi daɗi, sai dai ni a gidan kiwo na tashi.

Malama, kin yabi kyan fatarta,
Ko kin shiga garke kin ga ɓarnarta?
In ta faɗa cikin dare da yunwarta,
Sai gari ya waye a kan asara.

Ina yaro kura ta shigo mana,
Tumaki bakwai ta kashe wa babana,
Na ga hawaye a gemunsa da idona,
Kuɗin hatsinmu ke nan na duk shekara.

Haka ɗan Ladak in ya leƙa da safe,
Garken dutse, samansa babu ƙarfe,
Ya iske rabin dukiyarsa a shafe,
Wa zai hana shi ɗaukar dutse da gora?

Baƙo ya zo da kyamararsa mai tsada,
Ya ɗauki hoto, ya juya ya koma gida,
Kamfani a birni ya ci riba, ku shaida,
Mai akuya me ya samu in ban da jira?

Dattijon Zaure:
Ɗana, Allah Ya mayar wa mahaifinka da mafi alheri. Tambayarka ita ce wadda makiyayan can suka yi wa ƙungiyar kare damisar ƙanƙara ta Snow Leopard Conservancy tun farkon shigarta ƙauyukan.

Ɗana, kukanka na ji shi har zuciya,
Mai garke kaɗai ya san wannan wuya,
Amma tsaya ka ji sauran gaskiya,
Mutanen sun zauna sun yi shawara.

Akwai Rinchen Wangchuk, ɗan yankin,
Da Rodney Jackson, gwani a fannin,
Suka ce a fara da gyaran garken,
Don a nan gabar mutum da dabba ta fara.

Aka ɗaga katanga, aka sa ƙyaure,
Ragar waya a sama, an ja an ɗaure,
Damisa ta zo ta zaga cikin dare,
Ta koma kan tumakin dawa, garke ya tsira.

Sannan suka ce a sauki baƙi,
Kowane gida ya ware ɗaki,
Bi da bi ake yi, kowa da aiki,
Yau naka, gobe na maƙwabci, haka aka tsara.

Kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwana,
Asusun ƙauye ake zuba shi, ɗana,
A dasa itace, a taimaki juna,
A gyara wurin ibada, a kwashe shara.

Can Baltistan kuwa, Pakistan ke nan,
Shafkat Husaini ya zauna da manoman,
Kowa ya zuba kaɗan bisa dabbobin nan,
Wanda damisa ta yi wa ɓarna, a biya shi inshora.

'Yar Auta:
Baba, a gafarce ni in sa baki. An yi baiti 16 ba a ambaci mata ba.

Baba, ka bar mata a baya,
Su ne ke riƙe da wannan hanya,
Maza na dutse da dawaki da kaya,
Uwar gida ke tarbar mai ziyara.

Shayi da gishiri da man shanu,
Ta miƙa wa baƙo tana sannu-sannu,
Kuɗin kuma a ba ta hannu da hannu,
Ta biya makaranta, ta tufatar da yara.

Ulun tumaki ta murza da kanta,
Ta yi 'yar damisa har da wutsiyarta,
Baƙuwa ta saya ta kai wa 'yarta,
Dabbar da aka jefa jiya, yau ita ake jira.

Saurayin da ya san dutse tun yana kiwo,
Yau madubin hangen nesa ya saɓo ya kawo,
Tun asuba yana tudu, sanyi har da ciwo,
In ya hango ta ya yi wa baƙi ishara.

Ɗan Makiyayi:

Na ji, Baba, ke ma ƙanwata na ji,
Da muna da ragar nan a bakin daji,
Da tumakinmu sun kwana lafiya har kaji,
Da babana bai yi kuka ba saboda kura.

Amma watan Fabrairu, lokacin barbararta,
Shi ne lokacin da baƙi ke bin sawunta,
In taro ya yi yawa a bakin kwarinta,
Ina tsoron a takura ta ta yi ƙaura.

Ragowar abinci a bayan sansani,
Shi ke tara karnukan sake, kun sani,
Su bi tumakin dawa, sanyi da rani,
Har damisa su kora daga naman da ta fara.

A 2020 da korona ta rufe hanya,
Ɗakin baƙi ya zauna babu kowa, babu kaya,
Ƙauyen da mota ba ta kaiwa, can baya,
Shi wa ya tuna da shi, bana ko bara?

Malamar Firamare:

Ƙanena, damuwarka tawa ce,
Ƙungiyar kare halittu, IUCN, a 2017 ta sassauta a rubuce,
Daga mai haɗarin ƙarewa, aka ce mai rauni ce,
Amma mafarauci bai ajiye tarko ba, hattara.

Ni dai a ƙayyade baƙi, a tsaya nesa,
Kar a bi ta da ihu, kar a matso kusa,
Makiyayi kar ya sayar da garkensa,
Baƙo na iya ɗaukewa, akuya na ba da madara.

Ina hango Rumbak da sanyin safiya,
Uwar gida ta buɗe ƙyaure ta yi ƙidaya,
Awaki sun cika, babu rashin ko ɗaya,
Ga sawun shan a bakin garke kan ƙanƙara.