Sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi: abin da aka tattara

Jama'a, magana ta yi tsawo a kan abin da ke hana sabuwar kwamfuta tashi bayan an haɗa ta, ga abin da na tsinto don 'yan Maradi masu haɗa kwamfutar tebur da kansu.

1. Kowa ya yarda a fara da wayoyin wuta. Babba mai fil 24 ba a mantawa da ita, amma ƙaramar mai fil 8 ta kusa da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ita ke ba mutane kunya.

2. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin: RAM ce galibi, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi da ake cusawa a ramukanta. A cire, a sa guda ɗaya, a danna har maƙallin ya ce ƙas. In biyu ne a rami huɗu, yawanci A2 da B2. Masu RAM nau'in DDR5 sun ce tashin farko yakan ɗauki mintoci, kada a yi saurin kashewa. Ni ma RAM ɗin na fi zargi.

3. In akwai katin hoto, wayar HDMI mai kai hoto zuwa allo a jikinsa za ta shiga. Firosesar Intel mai harafin F ba ta fitar da hoto ita kaɗai.

4. A cire batirin CR2032, ƙarami mai kama da kwabo da ke kan babban faifan cikin kwamfuta (motherboard), na ɗan lokaci, BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta, ya koma yadda ya zo.

Inda aka rabu shi ne sabunta BIOS. Wasu sun ce dole, musamman firosesar Ryzen 5000 a kan tsohon motherboard na B450. Wasu sun ce da yadda kuran ke ɗaukewa lokacin zafi, in babu batirin ajiya kada a taɓa, don yankewar wuta a tsakiya na iya kashe motherboard ɗin.