Mazauna Jidda: da aka cire shataletalen unguwarku aka yi gada, me kuka gani?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An kewaye mahaɗar da ke gaban shagona, za a fara haƙa. Waɗanda aka riga aka yi wa irin wannan aikin, don Allah ku faɗa mini gaskiya: kasuwa takan dawo?

Direban Dabbab:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mu masu mota dai mun ci riba. Kayan gwari nake ɗauka daga halaga (babbar kasuwar sarin kayan gwari) in raba wa bakaloli (ƙananan kantunan unguwa). Kafin gadojin titin Sittin su yawaita, tumatir kan yi laushi a bayan mota ina tsaye a zahma (cunkoson motoci), mai bakala ya rage kuɗi. Yanzu kafin rana ta yi zafi na gama. Ga man fetur: tun 2021 lita ɗaya ta samfurin 91 tana riyal 2.18, duk tsayuwa da inji a kunne daga aljihuna take fita.

Maman Sultan:
Yaya, ni ba zan ɓoye maka ba. Shagon ɗinkinmu bai daɗe da kafuwa ba aka jera shingen kankare a ƙofarsa. Mata ba sa tsallake rami da ƙura don awon abaya. Mai gida kuma bai rage ko halala a haya ba. Da aka buɗe gadar, motoci suka koma wucewa ta sama, ba mai ganin allonmu. Abin da ya cece mu shi ne wurin ajiye mota da aka gyara a ƙasa daga baya, da danjar masu ƙafa. Sannan ne tsofaffin kwastomomi na tsallaken titi suka dawo, aka buɗe kantin magani da bufiya (shagon shayi da sanwici) kusa da mu, layin ya yi rai har dare. Amma maƙwabta biyu ba su kai lokacin ba, sun rufe. Ka je wurin mai gidanka tun yanzu, ku rubuta yarjejeniya kan haya. Ka kuma tara lambobin kwastomominka a WhatsApp kafin shinge ya iso.

Malam na Safa:
Gada za a yi ko nafak, wato hanyar ƙarƙashin ƙasa? In nafak ne a tambayi magudanar ruwa. Mu da muka ga ambaliyar Nuwamban 2009, wadda ta ci rayuka sama da 100, mun ga yadda hanyoyin ƙarƙashin ƙasa suka cika da ruwa da motoci.

Direban Dabbab:
Gaskiya ne Malam, Allah Ya jiƙansu.

Baban Hanifa:
Amin. Gada ce. Hajiya na gode, gobe bayan la'asar zan samu mai gidan. Wurin ajiye motar nan, ku kuka nema ko haka aka tsara tun farko?

Maman Sultan:
Mu muka nema. Masu shagunan layin muka haɗa takarda ɗaya, kowa ya sa hannu.