Bushin ɗin sandar giya ya ƙi shiga a Marsandi 230E, a taimaka min da dabara

Ɗan Gadon Marsandi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin tsofaffin Marsandi ku kawo ɗauki. Motar mahaifina ce Allah ya jiƙansa, 230E ƙirar 1983, bodin W123, otomatik, ni nake lallaɓa ta tun rasuwarsa. Kwanan nan giyar ta fara lilo, ka sa ta a D sai ka ɗan jijjiga kafin ta kama, wani lokacin ma tana P ka murɗa makulli shiru sai na tura hannun giyar gaba na riƙe sannan ta tashi. Na shiga ƙasa na duba, ashe robar nan da ke ramin ƙarfen da sandar giya ke shiga ta ruɓe ta zube, sandar tana ta ƙwalƙwal a rami ba komai. Guda biyu ne, ɗaya a jikin giyabos ɗaya a sama ƙarƙashin hannun giya.

Na samo sababbi guda huɗu, amma wlh tun safe nake fama, ta fi ramin girma nesa ba kusa ba, na danna da yatsa na danna da filaya sai ta goce ta faɗi, ɗaya har ta tsage a baki. Wani yaro a gareji ya ce in naɗa robar tiyub in ɗaure da waya a wuce wurin, ni kuma raina bai so, motar nan ba ta cancanci haka ba. Ko in fere bakin robar da reza ne ta shiga?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya bar maka mota ta kirki. Ajiye rezar nan, kar ka fere komai. Wannan leɓen da kake gani ya yi maka girma shi ne aikin gaba ɗaya, in ka duba robar za ka ga tana da wuya a tsakiya da leɓe gefe da gefe, dole leɓe ɗaya ya matse ya ratsa ramin ya buɗe a ɗaya gefen, shi ke riƙe ta. Ka fere shi yau za ta shiga da sauƙi, sati biyu kuma ta fita da sauƙi.

Tafasa ruwa ka jefa su ciki su yi kamar minti biyar, roba tana laushi in ta ji zafi. Kafin nan ka goge ramin ƙarfen tas, tsatsa da ragowar tsohuwar robar duk ka kankare, mutane da yawa nan suke faɗuwa, ramin ya cushe da datti suna ta zagin sabuwar roba. Ka shafa sabulun ruwa a leɓen. Sai ka samo soket na kwance noti wanda bakinsa ya ɗan fi robar faɗi ka kifa a bayan ramin, robar a gaba, ka haɗa su duka ka matse da babbar filaya irin ta masu gyaran famfo. Soket ɗin shi ke ba leɓen wurin fita, in babu shi kana matse robar ne a jikin haƙorin filaya kawai, shi ya sa taka ta tsage. Kuma da sauri za ka yi, daga ruwa zuwa rami, in ta huce ka maida ta tukunya.

Mai Gayu 504:

Ni a firiza nake sa irin waɗannan abubuwan su kwana, sanyi yana sa abu ya tsuke. Gwada ka gani oga.

Tsohon Bakanike:

A'a malam, wannan dabarar ta ƙarfe ce, in za ka sa boris ko bushin na tagulla sanyi yana taimako. Roba in ta daskare tauri take yi, kana matsawa za ta fashe kamar busasshiyar ƙwarya. Shi yaron nan laushi yake nema ba tsukewa ba.

Direban Dogon Zango:

Abin da Baba ya faɗa haka yake, amma bari in ƙara, don na yi wannan aikin a tawa 240D kuma na sha wuya a ta saman nan. Ta jikin giyabos mai sauƙi ce tunda kana iya kwance ƙarfen gaba ɗaya, noti ɗaya ne ya matse shi, ka fito da shi ka sa a bais, abin nan na matse ƙarfe a kan tebur, ka matse a tsanake kana zaune. Sai dai kafin ka cire ka lura da yadda ya zauna da suwic ɗin nan da ke hana mota tashi in ba a P ko N take ba, ka ɗauki hoto da waya ma, ka maida shi yadda ka same shi.

Ta sama ce fitina, wurin ya matse ga firofela ga salansa, filaya ba ta samun wurin buɗe baki. Abin da ya cece ni dogon bolti ne siriri wanda zai ratsa ramin robar, ka zura washa mai faɗi, sai robar, sai ƙarfen motar, sai soket a baya, sai wata washa da noti, kana ɗaure notin a hankali yana jawo robar ciki har ka ji ta ce ƙas. In ta fara karkacewa ka sassauta ka ɗan tura leɓen da sukurdireba mara kaifi ka ci gaba.

Sannan dan Allah dan Annabi kar ka shiga ƙarƙashin motar nan a kan jak kaɗai. Ka samu rami ya fi, ka taka birkin fakin ɗin nan na ƙafa, ka sa duwatsu gaba da bayan taya, don da zarar ka taɓa ƙarfen giyabos yana iya fita daga P mota ta gangaro kana ƙasa. Kuma a bar salansa ta huce tukuna. Notin ajasmen da ke kan sandar kar ka taɓa shi, tsawon yana nan daidai tun asali, robar ce kawai ta ɓata lissafi.

Ɗan Gadon Marsandi:

Alhamdulillah jama'a an gama! Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya, ta ƙasa da ruwan zafi da bais ko minti biyu ba ta ɗauka ba, na yi ta mamakin wahalar da na sha jiya. Ta sama kam sai da na koma dabarar boltin yayana Direba, sau uku ina maida ta ruwa a fulas ɗin shayi da na shiga rami da shi, a na ukun ta zauna. Shigar da kan sandar cikin sabuwar robar ma sai da na sake sa filaya da ɗan sabulu. Yanzu hannun giyar yana shiga kowane gida ɗas ɗas kamar yadda na san ta muna yara, kuma tana tashi a P bugu ɗaya.

Saura abu ɗaya, kilif ɗin da ke riƙe sandar ta sama ya ɗan buɗe wajen cirewa, na matse shi na maida amma hankalina bai kwanta ba. Gobe zan leƙa kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, akwai wanda ya san ko ana samun sabo ko sai na jikin tsohuwar mota?

Tsohon Bakanike:

Tafi da ɗayan mai kyaun a aljihu ka nuna musu. Ko na tsohuwar mota ne ba laifi in dai bai yi tsatsa ba kuma yana da ƙarfin kamawa, ka ɗauko biyu. Kafin nan kar ka yi doguwar tafiya da ita.