Neman kalma: ɗawainiyar jirgin yaƙi ko kiwonsa?

Mai fassara, daga wani ƙauye kusa da Ringim: Assalamu alaikum. An ba ni fassarar wani bayani kan jiragen yaƙi samfurin Super Tucano wanda za a karanta a rediyo ranar Laraba, amma kalmar "sustainment" ta tsaya mini a wuya. Jirage 12 Najeriya ta saya ta hannun Amurka, shida na farko suka sauka a Kano a watan Yulin 2021, mazauninsu kuwa sansanin sojin sama na Kainji ne. Cinikin na kusan dala miliyan 500 bai tsaya ga jiragen kaɗai ba, ya haɗa da makamai da kayan gyara da horar da matuƙa da makanikai. Wannan hidimar da ke sa jirgi ya yi shekaru yana tashi nake nema wa suna, domin "gyara" ta yi mata kaɗan.

Tsohon soja, Gumel: Wa alaikumus salam. Ɗana, gaskiyarka, ba a jiran jirgi ya lalace. Awowin tashinsa ake ƙirgawa, idan wani ƙarfe ya cika adadinsa sai a cire shi ko da lafiyarsa lau, kuma dole madadinsa ya riga ya iso sito. Mu a bariki "sabis" muke cewa.

Malamin Hausa, Kazaure: Baba, a yi mini aikin gafara, sabis Turanci ce. Ni dai na daɗe ina cewa "kiwon jirgi", tunda muna da kiwon lafiya, wanda shi ma tsare lafiya yake nufi tun kafin ciwo ya zo.

Malama, Bichi: Malam, masu sauraron nan manoma ne da makiyaya, suna jin "kiwon jirgi" za su tambaya ko dusa ake ba shi. A ce "ɗawainiya". Duk wanda ya taɓa ajiye doki ya san sayensa ne mai sauƙi, sauran aikin yana ga harawa da barga da mai kula da shi. Batun aro kuwa, soja da bariki da makanike duk daga Turanci muka same su.

Malamin Hausa: Abin da ke damuna ke nan, Malama, kullum mu ne masu miƙa ƙoƙon bara. Kakanninmu da suka ga jirgin sama ba su yi aro ba, sunan jirgin ruwa suka faɗaɗa. Sannan ɗawainiya tana da ƙamshin wahala da gori, kamar jirgin maraya ne.

Malama: Wahalar ce ai ake so mutane su ji, saboda da kuɗinsu ake yin ta. Kishin harshe kuma ba a Kazaure kaɗai aka bar shi ba.

Tsohon soja: Ku yi haƙuri da juna. Ɗana, idan bayanin ya zo kan ƙara wa jirgi kyamara ko sauya masa na'urori, kada ka rubuta "kwaskwarima", don ba fenti ake shafawa ba. Garambawul kuma sai an kwance shi gaba ɗaya.

Mai fassara: Na gode, Baba. Zan rubuta "ɗawainiyar jiragen yaƙi", in bi ta da jimla guda ta bayani. Ta sauya na'urorin ce har yanzu ban samu ba.

Malamin Hausa: Ka yi yadda ka ga ya dace, tunda Laraba ta matso. Ni a ajina kiwo zan ci gaba da koyarwa.