Ranar da kuka fara sa hannu a cikin fiyano, me kuka tarar?

Ɗalibin Kiɗa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Fiyanon da nake nufi shi ne na katako, mai wayoyi a ciki da ƙananan gudumomi masu bugunsu, ba na lantarki da muka saba gani a situdiyo ba.

Wata biyar na yi ina rubuta wani kiɗa na minti bakwai. Abin da nake so shi ne hannun hagu ya riƙa fitar da amo a toshe kamar ganga, hannun dama kuma ya yi ƙara mai ziza irin ta ƙarfen nan mai zobba da ake maƙala wa garaya. Don haka na bi hanyar cusa abubuwa tsakanin wayoyi: notin ƙarfe irin na ɗaure inji 9, guntayen roba 6, da tsinken gora 2. A kan ƙaramin fiyano mai kwance na gidan malamina na gwada komai. Na auna wurin kowane noti da rula, na rubuta a takarda, na tsara sauran a manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore.

Makon jiya aka ba ni awa biyu a wani zaure mai babban fiyano. Na bi awona inci da inci, amma abin da ya fito ba kiɗana ba ne. Wanda ya kamata ya yi amon ganga sai ya yi kamar ƙararrawa. Wurare biyu kuma ƙarfen firam ɗin da ke riƙe da wayoyin ya gitta daidai inda zan sa robar. Noti ɗaya ya sulluɓe ya faɗa kan allon katakon da ke ƙarƙashin wayoyi, mai kula da zauren ya ji ƙarar, ya ce in rufe haka nan. Na koma gida raina a jagule.

Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ta kasance da shi da abin da ya yi.

Baba Mai Gyara

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ga laifin mai kula da zauren. Na fi shekara 30 ina saita fiyano ina gyara shi, kuma da ni ne a wurin, abin da zan yi ke nan.

Madannai 88 ne a gabanka, amma wayoyin da ke ciki sun kai kusan 230, domin yawancin na tsakiya da na sama uku-uku ne, na ƙasa kuma ɗaya ko biyu. Idan ka haɗa jan da suke yi wa firam gaba ɗaya, ya kai tan 18 zuwa 20. Abin da ke ɗaure haka ba a shigarsa da gaggawa.

Karona na farko da wannan harka, kirana aka yi bayan an riga an yi ɓarna. Wani yaro mai hazaƙa ya yi irin naka a wata makaranta. Ya buɗa wayoyi da sukurudireba, ya bar musu tabo. Ya tura roba ba tare da ya taka fedar da ke ƙasan fiyano ba, ya lanƙwasa matosai huɗu, wato 'yan katakon nan masu ulu da ke sauka kan waya su kashe sauti. Kwana biyu na yi a kansu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga ranar aka sa wa fiyanon kwaɗo, ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba aka hana su.

Daga baya wata ɗaliba ta zo ta roƙe ni in tsaya a kanta ta shirya nata. Na je ne da niyyar hana ta. Da ta gama ta buga, na ji amon da ban taɓa ji daga wannan akwatin ba duk tsawon shekaruna da shi, kamar an tara masu ƙwarya da masu shantu a ɗaki ɗaya. Tun daga nan ba na hanawa, sharaɗi nake gindayawa. Ka wanke hannu ka tsane shi. Ka taka fedar dama kafin ka sa ko ka cire komai, don matosai su ɗaga. Ka buɗa wayoyi da tsinken katako ko na roba. Idan abu bai shiga da sauƙi ba, ya yi kauri, nemi wani. Wayoyin ƙasa masu naɗin jan ƙarfe kuwa kada ka taɓa su da hannu tsirara, gumi yana cin su, amonsu ya mutu. In ka gama ka cire komai ka ƙirga, abin da ya shiga 17 ne, ya fito 17.

Sannan ka lura da lokaci. Fiyano yana son danshin iska ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Da hunturu katako yana bushewa ya tsuke, sauti ya sauka. Da damina ya kumbura, sauti ya hau. Awon da ka yi a watan Agusta ba lallai ya yi maka aiki a Janairu ba, ko da fiyanon bai canja ba.

'Yar Zango

Allah ya saka da alheri Baba, kun faɗi abin da malamanmu a nan Jamus suke nanata mana. Ni 'yar Kumasi ce, kuma ɓangarena bugawa ne. Abokan karatuna masu tsara kiɗa su rubuto, ni in zauna in fitar. Saboda haka takardu irin taka, ɗan'uwa, na riƙe da yawa.

Ka kwantar da hankalinka, wanda ya shahara da wannan hanya ma ya gamu da abin da ka gamu da shi. John Cage ya fara ta ne a 1940 a birnin Seattle na Amurka, lokacin da mai rawa Syvilla Fort ta nemi ya yi mata kiɗa, dandamalin kuma ba shi da wurin da masu ganguna za su zauna, fiyano ɗaya ne kawai. Sai ya mai da fiyanon ganguna. A babban aikinsa Sonatas and Interludes, wanda ya rubuta tsakanin 1946 da 1948, sauti 45 ake shiryawa, kuma akwai jadawali a farkon takardar mai nuna abin da za a sa da nisansa da inci. Shirin kaɗai yana cin awa biyu zuwa uku. Da na bi jadawalin a fiyano biyu daban na makarantarmu, kiɗa biyu na samu. Waya mai tsawo da gajera ba sa amsa inci ɗaya iri ɗaya. Ka ga kai awa biyu aka ba ka gaba ɗaya, har da shiri har da gwaji.

Wanda ya fi wahalar da ni wani abokin karatu ne da ya rubuta in shafi wayoyi da yatsa daga ƙasa har sama a ja ɗaya. A fiyanonsa hanya a buɗe take. A na zauren da za mu yi wasa, sandunan firam sun raba wayoyin gida huɗu, yatsana yana karo da ƙarfe sau uku kafin ya kai. Ana saura kwana ɗaya muka zauna muka sake rubuta wurin. Shafar waya da hannu tsohon abu ne, Henry Cowell ya yi shi tun 1925 a The Banshee, inda mutum ɗaya ke tsaye hannunsa a cikin fiyano wani yana zaune yana riƙe da feda. Amma har yau masu rubutu suna mantawa cewa kowane kamfani da yadda yake shimfiɗa ƙarfensa.

Yanzu abu uku nake nema a wurin duk wanda ya kawo mini takarda. Ya rubuta wurin da kason waya maimakon inci: rabi, ɗaya bisa uku, ɗaya bisa huɗu. In ka taɓa waya a daidai rabinta ka buga, sautin da ke sama da nata da zango ɗaya cikakke, wato madannai 12 sama, ne zai fito, a kowane fiyano a duniya. Na biyu, ya faɗa mini da kalmomi abin da yake son ji, "a toshe, gajere, ba ƙara", ya kuma turo mini abin da ya naɗa a waya. Na uku, ya ba ni mafita in ƙarfe ya tare hanya: in matsa sama ko in matsa ƙasa? In na san amon da kake nema, kunnena zai kai ni wurin ko da rularka ta saɓa.

Mai Situdiyo a Kano

Ni fa a wurinmu in an ce fiyano, Yamaha na lantarki ake nufi. Shekara 12 ina kiɗan waƙoƙi, sau ɗaya tak na taɓa zama gaban na katako. Amma na ga maganar ta shafe ni.

Na taɓa naɗar wani dattijo mai goge, na zo zan bi shi da fiyano, sai na ga wasu sautukansa ba sa kan farin madanni ba sa kan baƙi, a tsakani suke. Da farko na ɗauka kuskurensa ne. Da na saurara sau da yawa na ga kullum nan yake sauka, da gangan. Sai na shiga saitin na'urar. Tsakanin madanni da maƙwabcinsa an raba shi kashi 100, na sauke biyu daga ciki da wajen kashi 30 zuwa 40 har suka zauna da gogen. Daga nan na yi wani kiɗa nawa na kaina a kan wannan saitin, ba waƙa, ba ganga, minti biyar. Mawaƙin da na fara kunna wa ya ce in gyara, fiyanona ya sauka. Ban gyara ba, yana nan a kwamfuta, kuma shi na fi so a duk abin da na yi.

Tambayata ga Hajiya 'Yar Zango: notin nan yana iya ba da irin wannan sauti na tsakani?

'Yar Zango

Yana bayarwa, Malam. Nauyin notin yana sauke sautin, kuma yawanci ba ya sauka daidai kan wani madanni. In ka sa shi tsakanin waya ta biyu da ta uku, ta farkon tana nan da sautinta na asali, sai ka ji biyu suna gogayya. Don Allah ka ɗora mana kiɗan nan mu ji.

Malamin Kiɗa, Jos

Zan ɗan saɓa muku. Ƙanina, ka tambayi kanka ko kiɗan naka yana buƙatar notin da gaske. Dabarar ta haura shekara 80, sa ƙarfe a waya shi kaɗai ba ya mai da kiɗa sabo.

Ni ma da ita na fara. Shekara guda na yi ina neman fiyano ya yi maganar kalangu, ban samu ba, kuma dalilin a fili yake: mai kalangu yana matse igiyoyi a hammata, sautin ya hau ya sauka bayan an riga an buga. Gudumar fiyano in ta bugi waya ta koma, shi ke nan, ba ka da sauran iko a kan hawa da saukarsa. Abin da ya buɗe mini ido shi ne aikin marigayi Akin Euba, mai tsara kiɗa ɗan Najeriya, wanda ya rasu a 2020, da abin da ya kira African pianism, wato a bugi fiyano da tunanin makaɗin Afirka: maimaici, kiɗa biyu masu hawa kan juna, hannu yana aiki kamar a kan fata. Joshua Uzoigwe ya bi wannan layi a Talking Drums. Ko György Ligeti, mai tsara kiɗa ɗan Hungary, da ya fara fitar da jerin darussan fiyanonsa a 1985, ya sha daga kiɗan Afirka ta Tsakiya da mai binciken kiɗa Simha Arom ya naɗo. Duk a kan madannai suka yi, ba su kwance wa kowa fiyano ba.

Kiɗan da na fi alfahari da shi, hannun hagu yana zagaye bugu 12 kashi huɗu, na dama yana zagaye su kashi uku, sai kowane zagaye na dama ya zame da bugu ɗaya. Na kuma sa a danne madannai biyar na ƙasa a hankali yadda ba za su yi ƙara ba, a riƙe su da fedar tsakiya. Wayoyinsu suna nan a sake, duk abin da aka buga a sama sai su amsa can ƙasa-ƙasa kamar iska a cikin tulu. Wannan kowane mai zaure zai yarda da shi. Sai dai ka duba, a yawancin fiyano mai tsaye fedar tsakiya wani aiki take yi daban, rage ƙara take yi.

Ranar da na fara buga shi a zauren coci, ban yi wa mutane bayani ba. Wasu suka ɗauka gwaji nake yi kafin a fara. Karo na biyu na tsaya minti biyu na ce su saurari abin da ke amsawa a ƙasa. Zauren ya yi tsit, wata tsohuwa ta zo bayan an tashi ta ce ta ji kamar daka da lugude a tsakar gida.

'Yar Zango

Malam, na yarda da ku a kan Euba. Amma maganar kalangu akwai hanya: hannu ɗaya ya bugi madanni, ɗayan ya riƙa jan ƙasan kofin gilashi a kan wayar. Sautin yana zamewa sama da ƙasa. Na yi shi a wasa sau biyu.

Baba Mai Gyara

'Yata, a kan wayoyin da ba su da naɗi kaɗai, kuma ba dannawa da ƙarfi. Kofin ya zama mai kauri wanda ba zai fashe ba.

Ɗalibin Kiɗa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana.

Na koma wurin mai kula da zauren na ba shi haƙuri, na nuna masa sharuɗɗan Baba a rubuce, na ce mai saita musu fiyano ya tsaya a kaina, ni zan biya kuɗin motarsa. Ya amince da awa uku ranar Asabar. Na ajiye rula, na bi kunne kamar yadda Hajiya ta ce. Amon gangar nan na same shi, amma sai da na matsar da robar kusan inci biyu daga inda na rubuta. Maganar Malamin Kiɗa na Jos kuma ta sa na sake duba takardar, na ga noti huɗu ba abin da suke ƙarawa, na cire su, na sa madannan da ake riƙewa shiru a sashe na biyu. Wurin ya fi da kyau nesa ba kusa ba.

Saura matsala ɗaya. Akwai sautuka uku a can ƙasa, cikin wayoyi masu naɗin jan ƙarfe, da nake son su toshe. Baba, in na yanko ulu mai kauri irin na matosai na sa shi da tsinken katako, hannuna bai taɓa wayar ba, kun yarda? Asabar mai zuwa zan koma, kuma mai saitin ya ce sai ya ji ta bakinku.