Ruwan Alau ya ci gidanmu, ya shanye Fijon Baba: wanda ya taɓa gani ya ba mu labari

Ɗan Gwange

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin waɗanda ruwan madatsar Alau ya ci gidajensu a Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024. Rai dai alhamdu lillahi, duk mun fita, har tsohuwarmu da aka goya zuwa bakin titi. Yanzu ruwa ya janye, mun koma.

Gidan na bulo ne, amma katangar baya da ɗakin girki ginin ƙasa ne tun na da, su kam sun kwanta. Ɗakunan da suka tsaya, shatin ruwa yana nan a bango, ya wuce kafaɗata. Sai motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Fijo 504 fara, haɗin Kaduna. Sabuwa ya saye ta a farkon shekarun 1980, bai rabu da ita ba har ya rasu. Ni nake tayar da ita ranar Juma'a in kai yara masallaci. Maƙwabcinmu da ya kwana a saman bene ya ce rufinta kawai yake hangowa.

Na san akwai waɗanda suka rasa 'ya'ya da iyaye a wannan ruwa, har ina jin nauyin kawo zancen mota. Amma yayyena sun ce a kira 'yan gwangwan su auna ta, ni kuma zuciyata ta ƙi. Don Allah duk wanda ruwa ya taɓa shiga gidansa ko motarsa ya faɗa mana me ya fara yi, me ya gyaru, me ya ƙi gyaruwa.

Bakanike a Ƙofar Ruwa

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Malam, kafin komai: kada kowa ya sa makulli a motar nan. Ko don a ji tana da rai, ko don a ga fitila ta kawo, kada a yi. A cire kan batir yau ɗin nan. Yawancin motocin da ake jawo mana da damina ba ruwa ne ya kashe injinsu ba, kik ɗin da aka yi bayan ruwan ne. Ruwa yana bi ta kabureta da salansa ya zauna a kan fistin. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, to da ka yi kik fistin ya taso ya tarar da shi, sai kwanrod, ƙarfen da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe, wani lokaci ya fasa bulok ɗin gaba ɗaya. Motar da kuɗin mai da filogi za su tayar, ta koma neman inji.

Ga yadda muke yi. A kwance filogi duka huɗun. A sa sifana a fulin gaba a juya injin da hannu a hankali, za ka ga ruwa yana tsartuwa ta ramukan. Idan ya ƙi juyawa kada a tilasta shi, a zuba ɗan man gas ko baƙin mai a kowane rami a bar shi ya kwana. Sannan a zubar da baƙin mai. Za ka gan shi ya koma kamar shayi da madara, wannan ruwa ne ya gauraya da shi. Ba a canza shi sau ɗaya a ce an gama. A zuba mai araha, idan ta tashi ta yi zafi a sake zubarwa, a sake filta, har ya fito da kalarsa.

Abin da mutane suke mantawa shi ne man giyabos da na aksil ɗin baya. 504 da baya take ja, kuma duka biyun suna da ƙofar shan iska da ruwa yake shiga ta nan. Sai mota ta tashi lafiya, mai ita yana murna, bayan wata biyu baya ta fara kuka. Tankin mai a sauke shi a wanke, don ruwa ƙasa yake kwanciya, shi famfo zai fara ja. Kabureta a warware ta a wanke. Kik da altaneta a kai wa mai wayarin ya buɗe ya busar. Man birki a zubar da shi duka, giris ɗin borin taya a sake.

Abin da zai kwantar maka da hankali, motar nan ba ta da ƙwaƙwalwar lantarki irin ta motocin yanzu. Disturbuta ce da kwantak da kwayil, abin da bakaniken ƙauye ma ya sani. Tun a 1975 aka fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kayan injinta sun cika ƙasar nan, ko nan wurinmu a Kano ko Fanteka a Kaduna za a samu. Ni abin da nake tsoro shi ne bodi.

Uwargida daga Fori

Ɗan'uwa sannunku da jaje, mu ma haka. Ni zan yi maganar cikin gida, don maza sun fi kallon bango, mu ne muke cikin laka.

Katifa ka haƙura da ita. Mun shanya namu a rana har suka yi kamar sun bushe, ana kwanciya a kai wari ya taso, ƙaramin ɗana ya kama tari. Ruwan nan ba ruwan sama ba ne, ya bi masai da kwata da maƙabarta kafin ya iso ɗakinka. Haka kujerun kushin da dardumar ƙasa da filo. Gado da wadirof na katakon nan da ake matsewa sun kumbura sun ruguje da kansu, kayan ɗakin aurena ne, na yi kuka. Amma tsohon akwatin ƙarfe na kakata da gadon katako na asali, wankewa kawai muka yi. Hatsi da ruwa ya taɓa, ko buhu ɗaya kada a ci.

Tufafi sun wanku da ruwan zafi da omo da ɗan bilic, banda fararen da laka ta riga ta kama. Tukwane da kwanuka a tafasa ruwa a wanke su da kyau.

Takardu su ne ciwon. Takardar fili, shaidar karatun yara, katin asibiti, duk a leda suke amma ruwa ya shiga. Wata malama ta hana ni ɓanɓare su da jiƙonsu. Muka shimfiɗa su a inuwa, muka riƙa ɗaga shafi ɗaya-ɗaya da bakin wuƙa sa'ad da suka fara shan iska, muka ɗauki hoton kowane da waya. Yawanci sun karantu. Hotunan aure da na iyaye kuwa sun manne, sun tafi.

Kuma don Allah kada Mama ta koma gidan yanzu. Tsofaffi da jarirai ɗanyen ɗaki yana kama musu ƙirji. Rijiyar gida kuma kada a sha sai an kwashe ta an zuba mata kulorin, mu har yanzu ruwan leda muke saye, in babu kuɗi mu tafasa. Amai da gudawa ba wasa ba ne. Ku sa takalmin roba in za ku ɗaga kaya, mun kashe maciji a bayan firiji, kun dai ji yadda ruwa ya shiga gidan zu na Sanda Kyarimi ya fito da macizai da sauran dabbobi.

Dattijo a Bulabulin

Ɗana, na ga na 1994, na ga wannan. Wancan ma Satumba ne, kuma Alau ɗin nan ce, amma wannan ya fi shi nesa ba kusa ba. A wancan, gidaje da yawa a unguwarmu ba cikin ruwa suka faɗi ba, bayan mutane sun koma sun shimfiɗa tabarma ne bango ya sauko. Ku kula.

Batun mota kuma, kada ka ji kunya. Wanda ya san mahaifinka ya san ta. Amma tunda gado ce, ba taka kai kaɗai ba ce. Ku zauna da yayyenka a yi mata kuɗi yadda take yanzu, ka saye rabonsu ko su yafe maka a gaban shaidu, sannan ka sa kuɗinka. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai mota ba.

Magini daga Haɗeja

Baba ya faɗi gaskiya. Mu nan Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa kusan kowace damina muna cikin jinga da buhunan yashi, ciyawar kachala ta toshe hanyar kogi, ruwa sai ya nemi gari. A 2020 da 2022 na yi aikin gidaje da yawa bayan ruwa, nawa ma yana ciki.

Ginin ƙasa da ruwa ya zauna a gindinsa, ko yana tsaye kada ka amince masa. Gindin ya riga ya narke, nauyin sama ne kawai bai gama sauko da shi ba. Ragowar katangar nan taku ku ture ta da kanku kafin ta faɗo wa yaro.

Na bulo kuma duba tsaga. Wadda ta tsaya a filasta ba komai. Wadda ta taso daga ƙasa ta bi layin bulo a karkace, ko ƙofa ta daina rufuwa daidai, wannan fandesho ne ya motsa. Ka shafa ɗan siminti a kan tsagar ka rubuta kwanan wata a gefe. Idan simintin ya sake tsagewa, ginin yana tafiya, a kira injiniya, kada a kwana a ciki. Ka zaga wajen sokawe da masai, nan ƙasa take fara zaftarewa, sau da yawa murfin yana nan lafiya amma ƙarƙashinsa rami ne.

Kada ka yi fenti yanzu, ko mai fenti ya ce maka ya bushe. Bango yana bushewa a fuska cikinsa da ruwa. Waɗanda suka yi gaggawa a wurinmu, kafin sallah fentin ya kumbura ya zubo, farin gishiri ya feso a ƙasan bango. Buɗe taga da ƙofa, cire silin ɗin da ya jiƙe, filastar da ka ƙwanƙwasa ka ji tana amo a sassaƙe ta. Bari hunturu ya wuce a kansa, iskar nan ita ce za ta yi maka aikin kyauta. Wuta kuma, kada a mayar da ita sai mai wayarin ya buɗe kowane soket, laka tana zama a cikin bututun waya.

Ma'aikaci a Galtimari

Ni gaskiya ra'ayina daban. Motata ta 2012 ce, ruwa ya kai mata sitiyari. An busar, an canza ƙwaƙwalwa, yau gilas ya ƙi sauka, gobe fitilar gargaɗi ta kama, na gaji na sayar da ita a araha. Inshorar da nake da ita ta dubu 15 ce, wadda ake nuna wa jami'ai a hanya, ita kuwa ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta san ambaliya ba. Da yawanmu sai yanzu muka gane haka.

Malam, kana da uwa da yara, babu katifa, babu katanga, ga tsadar siminti. Duk naira da ta shiga motar nan daga bakin gida ta fita. Ka yi tunani.

Direba daga Yamai

Salamu alekum mutanen Barno, Allah shi kyauta gaba. Mu ma a 2020 kogin Isa, wato Kwara, ya fasa jinga ya shiga Lamorde da Kirkisoy, gidana da Marsandi tsohuwa ta wana duk suka nutse. Abin da mai magana na sama ya faɗi gaskiya ne, gida shi ne gaba. Amma tsare mota daban, gyaranta daban. Mu ba mu da kuɗin gyara a lokacin. Buji, wato filogi, muka cire, muka juya inji, muka yi bidanji, wato canjin baƙin mai, muka zuba mai a ramuka, muka fidda kujeru da kafet duka, muka wanke ƙasan da ruwa mai tsabta, muka ɗora ta bisa duwatsu. Sai bayan shekara muka gyara ta, kuma tana tafiya har yau. Wani a layinmu ya rufe tasa da tampol da kafet ɗinta a jiƙe, da ya buɗe ƙasan ta ya huje, kana ganin ƙasa ta wurin ƙafar direba.

Ɗan Gwange

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na kai maganarka wurin babban yayanmu, ya ce a zauna ranar Asabar. Hajiya, Mama tana wurin ƙanwata a Damaturu, ba za ta dawo ba sai bayan sanyi. Kuɗin da ke hannu na katanga ne da katifu. Motar kuwa na cire batir, gobe yaro zai zo mu kwance filogi. Oga bakanike, ka ce bodi kake tsoro, ina zan duba? Kujerun kuma fatar asali ce, a zubar?

Bakanike a Ƙofar Ruwa

Kada ka zubar. Mai kushin ya farke su ya jefar da soson ciki, a wanke fatar da ƙarfen, a shanya a inuwa, in ka samu hali a sa sabon soso. Irin wannan fatar da dashbod da agogon mita sun fi inji wuyar samu yanzu.

Bodi kuwa, ɗaga kafet da abin da ke ƙarƙashinsa duka har ka ga ƙarfe. Akwai robobin toshiya a ƙasan motar da cikin but, wurin safaya, cire su ruwa ya fita. Ƙofofi huɗun ka cire marfin cikinsu, ƙasan kowace akwai ƙananan ramuka da laka ta toshe, zura waya ka buɗe. Dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa da cikin mudgad, sa tiyo ka wanke har ruwa ya fito fari, don laka tana riƙe danshi, daga ciki tsatsa take cin mota. Idan ya bushe sosai a fesa baƙin mai da ɗan gas a duk lungun. Hambirki kada ka ja shi, zai manne, sa dutse a taya. Kuloci ma ka riƙa taka shi lokaci-lokaci. Idan kun juya injin gobe, ka turo mana hoton abin da ya fito daga ramin filogi da kalar man, daga nan zan gaya maka ko sai an buɗe top, wato kan injin.