Tekun Galili teku ne ko tafki? Ku taimaka min da bayani

'YarMawaƙa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ina shirin tafiya ziyarar ƙasa mai tsarki, a jadawalinmu akwai kwana biyu a Galili har da shiga jirgin ruwa. Tun ina yarinya nake jin Tekun Galili, na ɗauka irin wanda ba a hango ƙarshensa ne, sai ga wata da ta je tana ce min wai ruwan daɗi ne ma ana sha, kuma kana tsaye a wannan gaɓa kana hango waccan. To teku ne ko tafki? In kuma ƙarami ne, ta yaya hadari zai taso har masunta irin su Bitrus, almajirin Yesu, da suka girma a kansa su ce za su hallaka, kamar yadda Linjila ta faɗa?

MalaminLahadi:
Tafki ne 'yar'uwa, babu gishiri a cikinsa. Tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa 13, zurfinsa bai wuce mita 43 ba. Kogin Urdun ne yake shigo masa ta arewa ya fita ta kudu ya gangara har Tekun Gishiri. A Ibrananci kalma ɗaya ce ake kiran teku da babban tafki da ita, shi ya sa Matiyu da Markus suka ce teku, amma duba Luka 5:1, shi Tafkin Janisarata ya kira shi, Yohanna kuma ya ce Tibariya saboda garin da Hirudus Antibas ya gina a gaɓar yamma. Yanzu a Isra'ila Kinneret suke cewa. Duk ruwa ɗaya ne.

Dattijo:
'Yata, batun hadarin nan ni ma sai da na je na gane. Tafkin a cikin kwari yake, kusan mita 210 ƙasa da matakin teku, babu wani tafkin ruwan daɗi a duniya da ya kai shi gangarawa, ga tuddai sun kewaye shi, Golan ta gabas, tuddan Galili ta yamma. To iskar da ke kan ruwan tana da zafi, ta kan tudu tana da sanyi, in ta ɓalle ta biyo kwazazzabai ta faɗo kan ruwan sai ki ga cikin ɗan lokaci komai ya hargitse. Ranar da muka shiga jirgi da safe ruwan luf kamar an shimfiɗa tabarma, da la'asar muna gaɓa muka ga yadda yake tumbatsa, kuma wannan ba hadari ba ne ma iska ce kawai.

Sai kuma ki tuna girman jirginsu. A 1986 da aka yi fari ruwa ya janye, wasu 'yan'uwa biyu masunta suka gano wani tsohon jirgin katako a cikin laka, na zamanin Yesu, tsawonsa mita 8 da 'yan kai. Yana gidan tarihi a Ginosar, ki roƙi mai jagorantarku ya kai ku ko da ba ya cikin jadawali. Ba wanda ya ce shi ne wanda Yesu ya hau fa, amma da na tsaya a gabansa na ƙiyasta mutum goma sha uku, Yesu da almajiransa, a ciki da dare ruwa na shiga, tun daga ranar labarin hadarin da ke Markus 4 ya canza min.

MamanBiyu:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni ƙanƙantar wurin ce ma ta fi taɓa ni. Kafarnahum, Tabga inda ake tunawa da gurasa biyar da kifi biyu, dutsen da aka gina majami'a mai kusurwa takwas domin Wa'azi a kan Dutse, duk suna jere a gaɓar arewa maso yamma kusa da juna, da ƙafa ma za a iya zagawa. A Kafarnahum an gina coci a saman kangon da ake cewa gidan Bitrus ne, ana leƙa shi ta gilashi a ƙasa. Magadala ma na nan kusa, a 2009 aka tono majami'ar Yahudawa ta ƙarni na farko a can. Shawarata kar ki ƙare lokacinki a ɗaukar hoto, in an kashe injin jirgi a tsakiyar ruwa ki ajiye wayar ki zauna shiru. Kuma za a ba ku kifin da suke kira na Bitrus, karfasa ce, a kula da ƙaya.

MalaminLahadi:
Ƙarin bayani ɗaya. Za a kai ku Yardenit, inda Urdun yake fita daga tafkin, mutane na shiga ruwa da fararen riguna. Wuri ne mai kyau amma don maziyarta aka buɗe shi a 1981, inda al'adar ikilisiya ta riƙe cewa Yohanna ya yi wa Yesu baftisma yana can kudu kusa da Yariko.

'YarMawaƙa:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Malam da Mama, Allah ya saka. Na rubuta Ginosar a takardata, gobe zan kira jagoranmu tun kafin a rufe jadawalin.